DARASI: LAMBUN GIDA DA TANADIN MIYAR BAZARA

Kafin a shiga wannan darasi, a sa wani ya karanta wa jama'a Farawa 2:8-15 da kuma Bishara ta hannun Yohanna 6:1-13.

Damina ta yi sallama, ruwa ya ɗauke, yawancin majami'unmu kuma sun riga sun yi godiyar kaka. Mun ga dammunan dawa da na gero da buhunan masara a gaban bagade, mun kuwa yi murna. Amma akwai wani abu da muka daɗe muna lura da shi, shi ne kuma ya jawo wannan darasi. Magidanci yakan san yawan dammunan da ya zuba a rumbu, ya lissafa har watan da za su kai shi. Da wuya a sami gidan da aka yi wa miya irin wannan lissafi. Sai bazara ta yi a ga tuwo yana nan, amma mahaɗinsa ya gagara. Uwargida ta kaɗa tsinkakkiyar kuka da gishiri yau, gobe ma haka, jibi ma haka, har yara su fara ture kwano. Irin wannan gida ba a ce ya kwana da yunwa ba, duk da haka a cikinsa ne akan sami mai ciki da ƙarancin jini, a sami yaro mai dundumi wanda ba ya gani sosai da zarar magariba ta yi. Abin da ke ƙara jini da lafiyar ido yawancinsa a cikin ganye yake, da kabewa da karas da manja, watau a cikin miya.

Abin takaici shi ne, watanni uku kafin wannan lokaci kayan miya sun yi yawa har sun rasa mai so. Daga Janairu zuwa Maris, wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano ta Kwanar Gafan ya ga kwandunan tumatir jere, waɗansu suna ruɓewa a bakin titi. Amma daga Mayu zuwa Yuli, tumatir huɗu ƙanana sai mai hali. Haka aka gani ƙarara a 2024, shekara guda bayan janye tallafin man fetur, lokacin da gidaje da yawa suka daina sa tumatir a miya sam. Dalilin wannan hawa da sauka ba ɓoyayye ba ne. Tumatir ɗan sanyi ne. In zafin Maris da Afrilu ya tsananta sai furensa ya zube bai ƙulla 'ya'ya ba, in ruwan sama ya sauka kuma cututtukan ganye su taso masa. Allah ya ba mu watannin yalwa da watannin ƙunci a cikin shekara guda, kamar yadda ya nuna wa Fir'auna shekarun ƙoshi da na yunwa a mafarki. Abin da Yusufu ya yi a Masar shi ake bukata a kowane tsakar gida, sai dai namu rumbun na kuɓewa ne da kauɗa.

A karatunmu na fari, aiki biyu aka danƙa wa mutum a gonar Aidan: nomanta da kiyaye ta. Mu a nan mun ƙware a na fari. A na biyun ne muke hasara. Saboda haka za mu bi ta kan shuka da sauri, mu daɗe a kan matsaloli da adanawa.

WURI, TAKI DA RUWA

Fili mai taku biyar a tsaye da taku biyar a kwance ya isa ya riƙe miyar iyali in an kula da shi. A zaɓi inda rana ke samu aƙalla awa 6, gama ƙarƙashin mangwaro ko dogon yaro ba ya yin lambu. A nisanci bakin masai da inda ruwan kwata ke kwanciya. Wanda yake zaune a gidan haya cikin gari, ko wanda rashin tsaro ya raba da gonarsa ya dawo zama wurin dangi, kada ya ce wannan darasi ba nasa ba ne. Tsohon buhu ko fasasshen bokiti, in an cika shi da ƙasa mai taki aka huda ƙarƙashinsa, yakan riƙe tumatir ɗaya ko attaruhu ɗaya ko alayyafo na miya biyu. Buhu goma a jikin bango lambu ne.

Taki kuwa yana nan a gida. A haƙa rami, a riƙa zuba shara mai ruɓewa da kashin awaki da na kaji da ɗan toka, a yayyafa ruwa, a juya bayan kowane mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, warinsa ya koma na ƙasa, to ya nuna ke nan. A tsince leda da batir da fasassun kwalabe tukuna. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta, don haka kada a zuba shi a kan abin da za a ci ɗanye.

A ba da ruwa da sassafe ko da yamma, a gindin shuka, ya jiƙa ƙasa sosai. Ban ruwa na ganin dama, yau a cika gobe a manta, shi ke sa tumatir ya tsage ko ƙarƙashin 'ya'yansa ya yi baƙi. Mutane da yawa sukan ɗauka ƙwaro ne su ruga sayen magani, alhali kuwa laifin mai ban ruwa ne. In an rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, laima takan daɗe, sai dai a sa ido saboda gara. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi yana da kyau. Ruwan wanki mai sabulu da yawa yana ɓata ƙasa a hankali. Ruwan kwata kuwa kada ya taɓa latas da kabeji, domin ta nan taifot da amai da gudawa da tsutsar ciki ke shiga gida.

ABIN DA ZA A SHUKA

Shawararmu ga mai farawa ita ce ya fara da abin da kakarsa ta sani. Alayyafo, in an gauraya irinsa da yashi aka watsa, cikin mako huɗu an fara yanka. Yakuwa, rama, lalo, karkashi da kuɓewa ba su da fitina, amma sun fi son ɗumi, saboda haka kuɓewar da aka shuka a tsakiyar hunturu takan yi nawa. Zogale a dasa shi a jikin shinge, a riƙa sare kansa in ya kai ƙirjin mutum domin ya yi rassa, kada ya miƙe ya fi ƙarfin hannu. Kabewa ɗaya a bar ta ta hau rufin rumbu. Ganyen wake da na dankali ma abin miya ne, ko da yake waɗansu suna jin kunyar cinsu, ba mu kuwa san dalilin wannan kunya ba.

Tumatir, tattasai, attaruhu da albasa sai an yi renonsu a ƙaramin fangali tukuna. Tumatir yakan isa dashe bayan mako huɗu, barkono da danginsa mako biyar zuwa shida. A yi dashe da yamma, a bar kamu ɗaya tsakanin tumatir da ɗan'uwansa. Wanda ya yi reno a Oktoba ya dasa a Nuwamba zai gama tsinka kafin zafi ya shigo, wannan kuwa zai cece shi daga wahala mai yawa, kamar yadda za mu gani. Kada kuma a shuka kome rana ɗaya. Fangali ɗaya na alayyafo kowane mako biyu ya fi fangali huɗu da za su isa yanka tare.

MATSALA TA FARI: AKUYAR MAƘWABCI

Mun sa wannan a gaba da ƙwari da gangan. Duk katikis ya san yawan ƙarar da ake kawo masa da rani a kan akuya da alade da kaji. Wahalar wata biyu, akuya takan gama da ita kafin a fito daga Mas. Mun san gidaje biyu da suka yi shekara ba sa gaisawa a kan fangalin alayyafo, suna kuwa zuwa karɓar Jibin Ubangiji a layi ɗaya. Dokar Musa ba ta raina wannan magana ba, gama a Fitowa 22 an ɗora wa mai dabba biyan abin da dabbarsa ta ci a gonar wani, da mafi kyaun amfanin gonarsa. Amma mu ma mu faɗi gaskiya: al'adar ƙasarmu ita ce a saki dabbobi da zarar an kau da amfanin gona. Wanda ya yi lambun rani bai kewaye shi ba, ya gayyato faɗa da hannunsa. A yi darni na kara mai ƙarfi kafin a zuba iri, a toshe ƙasansa da ƙaya saboda kaji, a yi masa ƙofa mai ɗauri. In duk da haka dabba ta fasa ta shiga, mai ita ya je da kansa ya ba da haƙuri ya biya, kada ya jira a kira shi gaban dattawa. Mai lambu kuma kada ya karya ƙafar akuya ko ya sa mata guba, wannan zunubi ne a kan hasara.

ƘWARI DA CUTUTTUKA

Maganin fari shi ne idon mai lambu. A zaga kowace safiya, a ɗaga ganye a duba bayansa. Tsutsa da fara a tsince su da hannu. Shukar da ganyenta ya nannaɗe ya ƙanƙance ya yi rawaya ta kamu da cutar da wani ɗan farin ƙuda ke yaɗawa, ba ta kuwa warkewa, sai a tuge ta a kai nesa tun ba ta shafi sauran ba. Wadda take yanƙwanewa da rana alhali ƙasa tana da laima, a tuge a duba saiwarta. In an ga ƙulle-ƙulle kamar carbi, waɗansu tsutsotsi ne da ido ba ya gani suke cikin ƙasar. A daina sa tumatir da kuɓewa a wurin, a sa masara shekara ɗaya ko biyu, a ƙara taki. A kuma tuna cewa tumatir, barkono, tattasai, attaruhu, gauta, yalo da dankalin turawa dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Cire tumatir a sa attaruhu a gurbinsa ba canji ba ne.

Sai kuma ƙwaron da manoman Kano suka sa wa suna sharon, wanda masana ke kira Tuta absoluta. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, ya shiga Sifen a 2006, daga can ya bazu. A 2016 ya cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a watan Mayu na shekarar. Ya sake yin ɓarna a 2023 da 2024. Ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai launin toka, wanda ba ya kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu, amma hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. Tsutsarsa takan shiga tsakanin fatar ganye ta ci cikinsa, sai a ga tabo fari-fari kamar an goga takarda da mai, daga baya ta huda 'ya'yan. Da yake a ɓoye take, feshi ba ya samunta sosai, ta kuma saba da magunguna da dama. Yana hayayyafa da sauri in zafi ya shigo, shi ya sa muka ce a yi dashe da wuri. A cire ganyen da ya kamu a binne ko a ƙone. In an gama tsinka, kada a bar tsofaffin itatuwan tumatir tsaye a lambu, domin nan ne masaukinsa har shekara ta zagayo.

Dogon yaro yana taimako a kan ƙwari da yawa. A daka busassun 'ya'yansa kimanin rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da kyalle, a narka ɗan sabulu kaɗan a ciki, a fesa da yamma har bayan ganye. A maimaita kowane mako. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci da girma yake yi, don haka mai gaggawa yakan ce ba ya aiki.

Game da maganin kanti, muna roƙonku da babbar murya. Lambun gida abin da 'ya'yanmu za su ci gobe ne. Kada a fesa maganin auduga ko wani maganin da ba shi da takarda a kan ganyen miya. In tilas ta sa, a nemi malamin gona, a karanta yawan kwanakin da aka ce a jira kafin tsinka, a kuwa jira su cika. Fiya-fiya ba na abinci ba ne ko kaɗan. Saboda irin gubar da ke cikinsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015, hukumar NAFDAC kuma a 2019 ta hana sayar da shi a ƙananan kwalabe a kasuwanni. Wanda ya yayyafa shi a kayan da zai sayar wa jama'a, yana sane, ya tuna da doka ta biyar. Kwalbar magani in ta ƙare a fasa a binne, kada a zuba mai ko gishiri a ciki.

ADANAWA

A karatunmu na biyu, bayan da mutum dubu biyar suka ci suka ƙoshi, Ubangiji bai bar wurin ba sai da ya sa almajirai suka tattara ragowar, har ta cika kwando 12. Wanda yake da ikon yawaita gurasa a duk lokacin da ya so, shi ne bai yarda gutsure ya lalace ba. Mu da ba mu da wannan iko fa?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun tumatir yana kore a kafa gadon shanya: turaku huɗu masu tsayin ƙugu, a shimfiɗa kara ko zana mai tsabta a kai. Wannan ɗan aiki yana da dalili babba. Shanya a ƙasa ko a gefen kwalta ta zama mana jiki, amma ƙura da hayaƙin mota da kashin dabbobi duk a kan abincin suke sauka. Mafi muni shi ne ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, ya kuma fi yawa daga Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin shanya. A ɗaga shanya sama, a rufe ta da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, a kwashe ta da yamma. Kada a rufe da gidan sauron da aka raba a asibiti, gama akwai maganin ƙwari a jikinsa.

Kauɗa mai kyau daga tumatir mai kyau take fitowa. Kuskuren da aka saba yi shi ne a ci masu kyau, a shanya waɗanda suka fara ruɓewa, sa'an nan a yi mamakin baƙin miya da tsaminta. A zaɓi nunannu masu tauri, irin dogayen nan marasa ruwa da yawa sun fi dacewa. A wanke, a yanka biyu ko huɗu, a barbaɗa gishiri kaɗan, a jera cikinsu yana duban sama. Da iskar hunturu kwana huɗu ko biyar sun isa. Alamar bushewa ita ce in an matsa ba a ji laima ba. Kuɓewa a tsinke ta tun tana ɗanya sharaf, kowane kwana biyu ko uku, a yanka a shanya har ta riƙa karyewa. Wadda ta tsufa a jikin uwa ta zama itace, sai dai a bar ta iri. A ajiye ta a yanke, a riƙa daka ta mako guda kawai, domin gari ya fi saurin shan iska. Barkono da tattasai kuwa sai an girgiza an ji 'ya'yan ciki suna ƙara.

Ganye hukuncinsa dabam ne, a nan kuma mutane da yawa suke kuskure. Rana tana cinye abin da ke gyara ido a cikin ganye. Zogale da kuka da yakuwa da aka shanya a rana sukan koma ruwan ƙasa, amfaninsu ya ragu ƙwarai. A wanke su, a baza a inuwa inda iska ke ratsawa, a riƙa juyawa. Cikin kwana uku ko huɗu sun bushe suna nan kore shar. Alayyafo da rama da ganyen wake, in an tsoma su a tafasasshen ruwa minti biyu aka tsame kafin a shanya, launinsu da ɗanɗanonsu sun fi daɗewa. Garin zogale cokali ɗaya a kunun yaro ko a miya bayan an sauke ta, abu ne da kowace uwa za ta iya.

Bayan bushewa sai ma'aji. A zuba a tulu ko gwangwani ko roba mai murfi, a ajiye a wuri mai duhu, sama da ƙasa. Bayan mako guda a buɗe a duba. In an ga gumi a jikin murfi, ba su gama bushewa ba, a mayar shanya. Duk abin da ya yi funfuna a zubar, musamman barkono da gyaɗa da masara. Akwai irin funfunar da ke barin guba mai lalata hanta, wadda wanki ba ya fitarwa, dafuwa kuma ba ta kashewa. Kada a ba kaji ma.

Albasa a daina ba ta ruwa kamar mako biyu kafin cira, a jira lawashinta ya kwanta da kansa. In an cire, a bar ta a inuwa har wuyanta ya bushe ya rufe, sa'an nan a jera a rudu ko a rataye inda iska ke shiga. Leda maƙiyiyar albasa ce. Masu kaurin wuya ba sa daɗewa, su za a fara ci. Lawashin ma ba a yar da shi, iyayenmu sukan daka shi su dunƙula su shanya ya zama gabu. Kabewa da aka yanke da hancinta, ba ta kuma ƙuje ba, takan yi watanni a ɗaki mai sanyi.

Ga wanda yake so ya riƙe ɗanyen kaya na 'yan kwanaki ba shi da firji, akwai dabarar tukunya cikin tukunya. Wani malami a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka a shekarun 1990, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa mai iska. Yayin da ruwan yake bushewa ta jikin babbar tukunya, yana janye zafin ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Tumatir da tattasai sukan kai mako biyu zuwa uku. Da rani take aiki. Da damina, in iska ta cika da laima, amfaninta kaɗan ne.

Akwai kuma zuba tumatir a kwalba, wanda mata da yawa suka koya, amma a nan tilas mu yi gargaɗi. Tumatir kaɗai za a yi wa haka, saboda tsaminsa ne ke kare shi. A markaɗa, a tafasa, a ƙara ruwan lemun tsami babban cokali biyu ga kowace lita, a zuba da zafinsa a kwalabe masu murfin ƙarfe waɗanda aka riga aka tafasa, a bar ɗan sarari a sama, a rufe. Sai a jera su a tukunya bisa tsumma, ruwa ya shanye kansu, su tafasa awa guda cur. 'Yan'uwanmu na kan tudun Jos kada su rage ko minti ɗaya, gama a wuri mai tsayi ruwa yakan tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a kwari ba. Markaɗen da aka haɗa da tattasai da albasa, da kuɓewa, da ɗanyen wake, da karas, da kabewa, ba su da isasshen tsami. In an toshe su a kwalba, wata ƙwayar cuta takan tsiro inda babu iska, ta bar guba mai shanye jiki har ta kashe mutum, wani lokaci ba tare da wari ba. Waɗannan sai shanya. Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba.

Wake ba ya bukatar guba. A busar da shi sarai, a cika jarka mai tsabta har baki, a toshe yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta wata biyu ba a buɗe ba. Ƙwarin ciki za su mutu don rashin iska. Wannan ita ce hikimar buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi bayan aikin da ta yi tare da masu bincike a arewacin Kamaru.

IRIN BAƊI

A zaɓi iri daga shukar da ta fi lafiya da 'ya'ya, a ɗaura mata tsumma tun da wuri domin yara su san ba ta tsinka ba ce. 'Ya'yan tumatir a matse su a kwano su yi kwana biyu ko uku, a wanke, a shanya a inuwa. A ajiye kowane iri a kwalba tare da busasshiyar toka, a rubuta suna da shekara. Irin kanti da aka rubuta wa F1 aure ne na iri biyu, jikokinsa ba sa kama da shi, sai an sake saye. Kafin shuka a gwada ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma. In waɗanda suka tsiro ba su kai 7 ba, a ƙara yawan irin ko a nemi wani.

AIKIN WA NE?

A gidaje da yawa an bar wa mace lambu da shanya da ɗiban ruwa, maigida yana gindin itace yana cewa miya ba ruwan namiji. Mu dai mun karanta cewa Adamu aka fara sa wa aikin lambu, tun ba a yi Hauwa'u ba. Kafa darni da haƙa ramin taki da gadon shanya, ai ba a rasa maza da samari a gida ba. Waliyi Benadik ya umarci mai kula da kayan gidan sufaye ya riƙe kayan aiki da daraja irin ta tasoshin bagade. In haka ne, fartanya da bokitin ban ruwa ba abin kunya ba ne ga dattijon ikkilisiya.

Akwai kuma waɗanda ba su da ƙarfin yin ko ɗaya daga cikin abin da muka faɗa: gwauraye tsofaffi, marasa lafiya, da baƙin da suka gudo ba su zo da kome ba. Dokar kala da ke cikin Littafin Firistoci 19 ta hana mai gona kwashe kome tas, domin matalauci da baƙo su sami rabo. Da yake ba a yin kala a lambun da ke bayan darni, sai mai lambu ya kai da kansa. Mudu ɗaya na busasshiyar kuɓewa a watan Yuni ya fi kwandon tumatir a watan Fabrairu daraja a wurin gwauruwa.

Muna roƙon Zumuntar Mata da ta Maza da ƙungiyar matasa a kowace majami'a su zauna a kan wannan darasi kafin shigowar lokacin Zuwan Ubangiji. Kowace uwargida ta lissafa mudu nawa na kuɓewa da kauɗa da busasshen ganye gidanta yake ci daga Afrilu zuwa Yuli, ta faɗa wa maigida adadin a gaban jama'a. A tambayi tsofaffin mata yadda ake gabu da daddawar batso, a sa 'yan mata su gani da idonsu. Wanda yake da ragowar irin alayyafo, yakuwa, kuɓewa ko kabewa ya ƙunso shi ya kawo ran Lahadi bayan Mas, katikis zai raba wa waɗanda ba su da shi.